Falalar Layya da Abubuwan da Ke Cika Ladanta

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya hore mana dabbobin ni'ima, muna shan nononsu, muna cin namansu, sannan ya sanya yanka su dominsa ya zama ibada da ake samun lada a kanta. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk shekara idan watan Zulhajji ya gabato, tambayoyin da suka fi zuwa mana daga masallatai da ɗalibai su ne na shekarun dabba da aibobinta da lokacin yanka. Kaɗan ne ke tambaya a kan ladan da ake nema da wannan yanka, alhali saboda shi ne magidanci yake fitar da kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Don haka muka ga ya dace mu tattara abin da ya tabbata na falalar layya a Alƙur'ani da ingantacciyar Sunna, mu rarrabe shi da abin da bai inganta ba, sannan mu nuna wuraren da ladan yake cika da wuraren da yake zubewa. Da yake mafi yawan mutanenmu a kan mazhabar Imamu Malik suke, da ita za mu fara a hukunce-hukunce, mu ambaci sauran mazhabobi inda akwai buƙata.

Ma'anar layya da asalinta

Layya ita ce dabbar da ake yankawa daga cikin tumaki ko awaki ko shanu ko raƙuma, a ranar Babbar Sallah da kwanakin da ke biye da ita, da nufin neman kusanci zuwa ga Allah. Da Larabci ana ce mata udhiyya, saboda ana yanka ta da hantsi. Kaza da zabo da talo-talo ba sa shiga ciki, komai ƙibarsu da tsadarsu.

Asalinta yana komawa ga Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi. A Suratus Saffati, daga aya ta 102 zuwa ta 107, Allah ya ba mu labarin mafarkin da ya gani yana yanka ɗansa, wanda shi ne Annabi Isma'ila a bisa magana mafi rinjaye. Ɗa ne da ya samu bayan girma ya kama shi, kuma umarnin ya zo a daidai lokacin da yaron ya tasa har ya fara taya mahaifinsa aiki. Uban ya shawarci ɗan, ɗan ya ce a zartar da abin da aka yi umarni, dukansu suka miƙa wuya. Da jarrabawar ta cika, sai Allah ya fanshi yaron da abin yanka mai girma. Duk Musulmin da ya kwantar da ragonsa ranar layya, wannan miƙa wuyar yake tunawa.

A shari'armu an shar'anta layya a shekara ta 2 bayan hijira, shekarar da aka shar'anta sallar idi. Tirmizi ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya ƙara musu yarda, cewa Manzon Allah (SAW) ya zauna a Madina shekara 10 yana yin layya.

Hukuncinta

A wurin Imamu Malik da Shafi'i da Ahmad, layya sunna ce mai ƙarfi ga wanda yake da hali. Imamu Abu Hanifa yana ganin wajibi ce a kan mawadaci mazaunin gida. Daga cikin hujjojin jamhur akwai abin da Baihaƙi ya ruwaito cewa Abubakar da Umar, Allah ya ƙara musu yarda, sukan bar layya a wani lokaci don gudun kada mutane su ɗauka farilla ce. Malikiyya sun yi bayanin mai hali da cewa shi ne wanda kuɗin dabbar ba zai cutar da shi ba, wato ba ya buƙatarsu don larurorinsa a cikin shekararsa. Namiji da mace duk ɗaya suke a nan. A mazhabar Malikiyya ba a neman layya daga alhajin da yake Mina, domin nasa yankan shi ne hadaya.

Falalar da ta tabbata

Ta farko, Allah ya haɗa yanka da salla a wuri fiye da ɗaya. A Suratul Kausar, aya ta 2, ya umarci Annabinsa da ya yi salla don Ubangijinsa kuma ya soke abin yanka. A Suratul An'am, aya ta 162, ya umarce shi da ya bayyana cewa sallarsa da yankansa da rayuwarsa da mutuwarsa duk na Allah ne shi kaɗai. Malamai sun ce salla ita ce mafi girman ibadar jiki, yanka kuma yana cikin mafi girman ibadun dukiya. Wanda ya sallaci idi sannan ya yanka, ya haɗa biyun a safiya guda.

Ta biyu, layya tana cikin alamomin addinin Allah, waɗanda Alƙur'ani ya kira sha'a'ir. A Suratul Hajji, aya ta 32, Allah ya nuna cewa girmama waɗannan alamomi daga taƙawar zukata yake fitowa. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa girmamawar ta haɗa da zaɓen dabba mai kyau da ƙiba. A aya ta 36 kuma Allah ya faɗa cewa muna da alheri a cikin waɗannan dabbobi, kuma malaman tafsiri sun fassara alherin da lada a lahira da amfani a duniya.

Ta uku, koyi ne da Manzon Allah (SAW) a aikin da ya dawwama a kansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Annabi ya yi layya da raguna biyu masu ƙaho, farare masu ratsin baƙi, ya yanka su da hannunsa mai albarka, ya ambaci sunan Allah, ya yi kabbara. A Hajjin Ban-kwana, shekara ta 10 bayan hijira, ya yi hadaya da raƙuma 100, ya soke 63 da hannunsa, ya bar wa Aliyu sauran, kamar yadda ya zo a hadisin Jabir a cikin Sahihu Muslim. Annabin da wata kan wuce ba a hura wuta a gidansa ba, shi ne bai bar wannan ibada ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayinta.

Ta huɗu, tana faɗowa a mafificin lokaci. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa babu kwanakin da aikin ƙwarai ya fi soyuwa ga Allah kamar kwanaki goma na farkon Zulhajji. Abu Dawud kuma ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Ƙurɗ cewa ranar layya ita ce rana mafi girma a wurin Allah. Aiki yakan ƙara daraja saboda lokacinsa, kuma yanka shi ne aikin da aka keɓance wannan rana da shi har aka sa mata sunansa.

Ta biyar, ladanta yana game iyali. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa, da Tirmizi, sun ruwaito daga Abu Ayyub Al'ansari cewa a zamanin Annabi mutum yakan yi layya da akuya ko tunkiya ɗaya don kansa da mutanen gidansa, su ci su ciyar, sai daga baya mutane suka shiga alfahari da juna. A lura da ƙarshen wannan magana. Sahabi ne yake kuka da gasar layya tun a zamaninsa.

Ta shida, layya tana buɗe ƙofofin wasu ibadu masu ladansu daban: ciyar da miskini, sada zumunta, kyautata wa maƙwabci, yalwata wa iyali, da sanya farin ciki a zuciyar maraya. A garuruwa da ƙauyukanmu akwai gidajen da ba sa ganin nama mai yawa sai a wannan mako.

Ginshiƙin duk waɗannan falaloli shi ne aya ta 37 a Suratul Hajji. A cikinta Allah ya sanar da mu cewa nama da jinin dabbar ba su ne ke isa gare shi ba, abin da ke isa shi ne taƙawar mai yankan. Malaman tafsiri sun ambata cewa mutanen jahiliyya sukan shafa wa Ka'aba jinin abin da suka yanka, suna zaton haka ne kusanci. Musulunci ya mayar da ma'aunin ga zuciya. Haka nan a Suratul Ma'ida, aya ta 27, 'ya'yan Annabi Adamu biyu kowanne ya gabatar da abin baiko, aka karɓi na ɗaya aka ƙi na ɗayan, kuma dalilin karɓar shi ne taƙawa. Saboda haka mutum biyu za su iya sayen rago a kasuwa ɗaya, a kuɗi ɗaya, su yanka a sa'a ɗaya, a rubuta wa ɗaya lada mai yawa, ɗayan ya tashi da nama kawai.

Hadisan da suka shahara amma ba su inganta ba

Akwai hadisai da ake yawan karantawa a mumbari a kwanakin nan, ya kamata ɗalibi ya san matsayinsu.

Na farko shi ne wanda Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito daga Nana A'isha, mai nuna cewa babu aikin da Allah ya fi so a ranar layya kamar zubar da jini, kuma dabbar za ta zo ranar alƙiyama da ƙahoninta da gashinta da kofatanta. Tirmizi ya ce hasanun garib ne, amma a isnadinsa akwai Abul Musanna, wanda malaman hadisi da yawa suka raunana, shi ya sa da dama daga cikinsu suka hukunta hadisin da rauni.

Na biyu shi ne na Zaidu ɗan Arƙam a cikin Sunan Ibn Majah, mai cewa kowane silin gashi na dabbar lada guda ne. Rauninsa ya fi na farko tsanani, domin a cikinsa akwai Nufai'u ɗan Haris, wanda malamai suka watsar da ruwayarsa.

Na uku shi ne mai cewa a ƙibantar da dabbobin layya domin su ne abin hawa a kan siraɗi. Ibnus Salah da Ibn Hajar sun nuna bai tabbata ba. Haka nan wanda ke cewa ana gafarta wa mai layya da ɗigon jini na farko, shi ma malamai sun raunana shi.

Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a shekara ta 543 bayan hijira, ya bayyana a sharhinsa na Tirmizi mai suna Aridatul Ahwazi cewa babu hadisi ingantacce da ya zo a kan falalar layya. Abin da yake nufi shi ne hadisin da ya ƙayyade mata wani lada na musamman. Wannan bai rage mata komai ba, domin abin da muka ambata a sama na ayoyi da aikin Annabi ya wadatar. Wasu malamai sun sauƙaƙa wajen ruwaito hadisi mai ɗan rauni a babin falalar ayyuka, amma sun sharɗanta kada raunin ya yi tsanani, kuma kada a jingina shi ga Annabi da yankewa. Muna jan hankalin limamai da masu wa'azi da su kiyaye wannan, domin jingina wa Manzon Allah abin da bai faɗa ba babban al'amari ne.

Abubuwan da ke cika lada

Niyya. Ita ce ke raba layya da yankan nama. A ƙulla ta a zuciya tun wajen saye, a sabunta ta wajen yanka, cewa don Allah ake yi kuma don bin sunnar Annabinsa. Magidanci ya sanya iyalinsa cikin ladan kafin ya yanka. Malikiyya sun sharɗanta cewa wanda za a sanya ɗin ya kasance ɗan uwa ne, yana zaune tare da mai layyar, kuma yana ciyar da shi.

Dukiya ta halal. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki. Kuɗin riba da na cin hanci da na dukiyar maraya ba sa zama abin kusanci don an saya rago da su. A wannan zamani da satar dabbobi ta yi yawa a yankunanmu, wajibi ne mai saye ya lura. Idan ka ga ana sayar da sa ko rago a farashin da hankali ba zai ɗauka ba, kuma mai sayarwar ba sananne ba ne a kasuwa, to ka bincika. Wanda ya san dabba ta sata ce ya saya, ya taimaki azzalumi a kan makiyayin da aka raba da dukiyarsa, wataƙila ma da ransa.

Zaɓen dabba. A wurin Malikiyya tumaki ne suka fi falala a layya, sai awaki, sai shanu, sai raƙuma, domin da rago Annabi yake layya kuma abin lura a cikinta daɗin nama ne. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ya yi bayani a Risala cewa a cikin tumaki rago ya fi dandaƙaƙƙe, dandaƙaƙƙe ya fi tunkiya. Shafi'iyya da Hanabila sun gabatar da raƙumi, sai saniya, sai tunkiya, saboda yawan nama. Game da shekaru a Malikiyya, rago da akuya su cika shekara 1 su shiga ta biyu, saniya ta cika 3 ta shiga ta huɗu, raƙumi ya cika 5 ya shiga ta shida. Sauran mazhabobi sun yarda da saniya mai shekara 2, kuma Hanafiyya da Hanabila sun yarda da rago mai wata 6.

Aibobi huɗu ne ke hana layya inganta, kamar yadda ya zo a hadisin Bara'u ɗan Azib a cikin Muwaɗɗa da littattafan Sunan: mai ido ɗaya wadda aibinta ya bayyana, marar lafiya wadda cutarta ta bayyana, gurguwa wadda gurguntarta ta bayyana, da ramammiya wadda ba ta da ɓargo. Abin da ya fi waɗannan muni, kamar makanta, ya fi cancantar hanawa. Kiwon dabba tun da wuri don ta yi ƙiba abu ne mai asali, domin Bukhari ya ambata daga Abu Umama ɗan Sahal cewa Musulmi a Madina sukan ƙibantar da dabbobin layyarsu. Matan da suke turke rago a gida watanni suna ba shi dusa da harawa da niyyar layya, muna fatan duk wannan wahala tana cikin mizaninsu. Ba sharaɗi ba ne sai balami ko uda mai tsada. Ɗan ƙaramin rago lafiyayye da ya cika shekaru ya isar.

Barin aski da yanke farce. Muslim ya ruwaito daga Ummu Salama cewa wanda ya yi nufin layya, idan watan Zulhajji ya tsaya, ya kame daga gashinsa da faratansa har sai ya yanka. Malikiyya da Shafi'iyya sun ɗauke shi a kan mustahabbi, Hanabila sun ɗauke shi a kan wajibi. Wanda ya yi aski layyarsa ba ta ɓaci ba.

Lokaci. Nan ne mutane da yawa suke asara saboda gaggawa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Burda ɗan Niyar ya yanka akuyarsa kafin salla, yana so ya ciyar da iyalinsa da maƙwabtansa da wuri. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma Annabi ya sanar da shi cewa abin da ya yanka nama ne kawai, ya umarce shi da ya sake. Darasin shi ne kyakkyawar niyya ba ta wadatar idan aiki ya saɓa wa sunna. A mazhabar Malikiyya, ranar farko ba a yanka sai bayan liman ya yanka tasa, shi ya sa ake so liman ya fito da dabbarsa filin idi. Mutanen da ba su da liman sai su kirdadi lokacin yankan limamin da ya fi kusa da su. Kwanakin yanka uku ne, 10 da 11 da 12 ga wata, da rana ban da dare, kuma ranar farko ta fi falala. Imamu Shafi'i ya ƙara ranar 13.

Kyautata yanka. Muslim ya ruwaito daga Shaddad ɗan Aus cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen yanka, a wasa wuƙa, a hutar da dabba. Kada a wasa wuƙar a gabanta, kada a yanka wata tana kallo, kada a ja ta da ƙafa, kada a bar yara suna dukanta ko suna haɗa raguna karo. A kwantar da ita a gefen hagu, a fuskantar da ita alƙibla, a ce Bismillahi Allahu Akbar, a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, kuma kada a fara fiɗa sai ranta ya gama fita. Ya fi falala mutum ya yanka da hannunsa. Idan bai iya ba ya wakilta Musulmi wanda ya iya. Yankan mace ya halatta, Bukhari ya ambata cewa Abu Musa Al'ash'ari ya umarci 'ya'yansa mata su yanka layyarsu da hannunsu.

Rabo. Allah ya yi umarni a Suratul Hajji, aya ta 28 da ta 36, a ci daga naman, a ciyar da matalauci, da mai roƙo, da mai kamewa wanda ba ya roƙo. Malikiyya ba su ƙayyade kaso ba, sun so a haɗa ci da sadaka da kyauta. Wasu malamai sun so a kasa uku. Adana nama ya halatta, ko a soya, ko a yi kilishi, ko a sa a firji. Amma mu tuna cewa a wata shekara Annabi ya hana ajiye naman layya fiye da kwana uku, kuma Nana A'isha ta ruwaito cewa dalilin shi ne wasu matalautan ƙauye da suka shigo Madina a lokacin. Da halin ya wuce sai ya yi izini. Yau ma garuruwanmu ba su rasa irin waɗannan baƙi ba, waɗanda rashin tsaro ya raba da gidajensu a yankin Tafkin Chadi da sauran wurare. Inda aka saba gasa raguna a jikin itace ranar farko a yi rabo washegari, kamar yadda ake yi a Yamai da wasu garuruwan Nijar, al'ada ce da ba ta saɓa wa shari'a ba, sai dai a kula kada cinya da ƙirji su tafi gidajen masu hali, a bar wa talaka ƙashi da kayan ciki. Game da maƙwabci wanda ba Musulmi ba, Ibn Ƙudama ya kawo halaccin ba shi daga Hanabila da wasunsu, Imamu Malik kuma ya fi son a ba Musulmi.

Abubuwan da ke rage lada ko su ɓata shi

Mafi hatsari shi ne yanka don wanin Allah. Muslim ya ruwaito daga Aliyu cewa Annabi ya la'anci mai yin haka. Wanda ya haɗa niyyar layya da umarnin boka, ko ya tari jinin don binnewa a ƙofar gida ko shafa wa bango da sunan kariya daga iskoki, ya shigar da shirka cikin ibadar da aka gina a kan tauhidi.

Sai riya. Bayyana layya ba laifi ba ne, domin Annabi yakan yanka a filin idi. Laifin yana cikin zuciyar da take jiran a ce ragon wane ya fi na kowa a unguwa. Wanda yake ɗaukar hoton ragonsa yana watsawa a Facebook da WhatsApp, ya tambayi kansa abin da yake nema, ya kuma tuna da maƙwabcinsa da bai samu ba.

Sai sayar da wani abu daga cikinta. Bai halatta mai layya ya sayar da nama ko fata ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi ya umarci Aliyu da ya rabar da naman raƙumansa da fatunsu, kuma kada ya biya mahauci da komai daga ciki. Saboda haka a biya mai fiɗa ladan aikinsa daga aljihu, sannan idan an so a ba shi nama kyauta. Fata kuwa, a yi amfani da ita a gida kamar buzun salla, ko a bayar sadaka ga talaka ko masallaci ko makaranta.

Mas'aloli uku da ake yawan tambaya

Shin sadaka da kuɗin ragon ba ta fi ba? Amsar jamhur ita ce yankan ya fi, kuma Shaihu Khalil ya ambaci haka a Mukhtasar. Dalili shi ne zubar da jinin ibada ce a karan kanta, mai lokaci ƙayyadadde, sadaka kuwa ƙofarta a buɗe take duk shekara. Da kowa zai mayar da ita kuɗi, da sunnar ta mutu.

Shin mutum bakwai za su iya haɗa kuɗi su sayi saniya? Jamhur sun halatta, bisa hadisin Jabir a Sahihu Muslim cewa sahabbai a shekarar Hudaibiyya sun yi tarayya mutum bakwai a raƙumi, bakwai a saniya. Malikiyya sun hana tarayya a kuɗi, sun halatta ta a lada kawai. Wanda ya bi jamhur ya bi magana mai hujja, da sharaɗin kada su wuce bakwai. Watanda da ake yi mutum goma ko ashirin su raba sa, ciniki ne halal kuma yalwatawa ce ga iyali, amma ba layya ba ce.

Shin ana yi wa mamaci? Idan ya yi wasiyya a zartar. Idan bai yi ba, Malikiyya sun karhanta, Hanafiyya da Hanabila sun halatta. Abin da ya kamata a guje masa shi ne mutum ya yi wa mamaci ya bar kansa da iyalinsa rayayyu.

Wanda bai samu hali ba

Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Kada magidanci ya sayar da hatsin da zai ci da damina, ko ya ci bashi da ruwa, ko ya hana mai binsa bashi haƙƙinsa, don kada a ce gidansa ba a yi yanka ba. Biyan bashin da lokacinsa ya yi wajibi ne, yana gaba da sunna. Wanda yake da tabbacin abin biya, kamar ma'aikaci mai jiran albashi, babu laifi ya ranta. Mata kuma su ji tsoron Allah, kada su matsa wa mazajensu a kan abin da ba su da iko.

Albishir ga marar hali shi ne Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya yanka rago a filin idi don kansa da waɗanda ba su yi layya ba daga al'ummarsa. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa wanda ya yi nufin aikin alheri bai samu aikatawa ba, Allah yana rubuta masa lada cikakke. Ga kuma azumin Arafa, da kabbarori, da sallar idi, da zumunci, duk ba sa buƙatar kuɗi.

Sauran yanka na ibada

Ban da layya akwai hadaya, wadda take wajaba a kan alhaji mai Tamattu'i ko Ƙirani, da aƙiƙa, wato ragon suna, da ake yankawa ranar bakwai ga haihuwa, ɗaya ga namiji ko mace a Malikiyya, biyu ga namiji a wurin jamhur. Akwai kuma yankan bakance da na fidiya. Kowanne yana da hukuncinsa, amma ƙa'idar lada ɗaya ce a cikinsu duka: a yi don Allah shi kaɗai, daga dukiyar halal, a bisa yadda Annabi ya koyar.

Muna roƙon Allah ya karɓa mana kamar yadda ya karɓa daga badaɗinsa Ibrahim da Annabinsa Muhammadu, tsira da aminci su tabbata a gare su. Allah ya hore wa waɗanda ba su da shi, ya dawo da alhazanmu lafiya, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Allah ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.